Buhun Ƙafar Dama

Duk wanda zai ce mini in yi haƙuri a kan maganar Ilu, gara ya ja bakinsa ya yi shiru, don haƙurin nan na ji shi har ya gundure ni. Ni ce yayarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, a bayana ya yi wayo. Sunana Tayyiba, ina aure a Gumel. Abin da zan faɗa, wani da idona na gani, wani kuma daga bakinsa na ji, shi kuwa Ilu ko da wasa bai iya ƙara wa zance gishiri ba.

A wani ƙauye da ke bayan Gagarawa Tasha aka haife mu. Ilu ya tashi ƙafa a ƙasa kamar sauran yaran garin, tafin ƙafarsa har ya yi kanta, ƙarangiya ma sai ta yi da gaske take kama shi. Takalminsa na farko na tayar mota ne, kuma ya fi riƙe shi a hannu fiye da sa shi a ƙafa, wai kada ya cinye. Bai yi nisa a boko ba. Ya yi noma, ya yi ga-ruwa a Gumel, daga baya ya koma lodin shanu a kasuwar Maigatari, duk Alhamis yana cikin masu tura bijimai cikin manyan motocin da ke yin kudu. A nan ya yi ƙarfi, a nan ya samu abin da ya auri Mansura, suka haifi 'yarsu Rahama.

A nan kuma wani bijimi ya taka masa ƙafa a bakin mota. Yatsu biyu suka tafi, ɗingishi ya zauna. Masu shanun suka ce Allah ya sawwaƙe, suka miƙa masa na goro, mako na zagayowa suka ɗauki wani ƙato a madadinsa. Shekarun da ya yi yana tura musu dukiya, iyakar ladansu ke nan.

Da ƙafar ta fara warkewa, zaman gida ya ishe shi, sai ya riƙa bin motar kasuwa yana zuwa Maigatari ya zauna a rumfar Bappa Sajo. Bappa Sajo wani dattijon Bafillace ne da shanunsa suka ƙare tun da daɗewa, ya koma sayar da takalma. Ilu yana miƙa masa kaya, yana kallon yadda ake ciniki da mutanen Damagaram, yana koyon yadda ake auna takalmi da guntun karan da magidanci ya zo da shi daga gida, wanda aka yanka daidai tsawon ƙafar matarsa ko ɗansa. Wata rana ya zo mini Gumel yana sunkuyar da kai, ya ce, "Yaya, ni ma takalma zan fara sayarwa." Na yi dariya na ce, "Kai da ƙafa ɗaya da rabi?" Ya ce, "Ai wanda ƙafa ta yi wa ciwo shi ya san darajar takalmi." Sai na kwance tunkiyata na ba shi. Mansura ta sayar da akuyarta, shi kuma ya sayar da ɗan maraƙin da yake kiwo.

Akwai dokar da Bappa Sajo ya kafa masa tun ranar farko, kuma duk mai baza takalma a ƙasa ya san ta. Ba a shimfiɗa takalmi ƙafa biyu a cikin cunkoson kasuwa. Ƙafar hagu kawai ake jerawa a kan leda, ta dama tana cikin buhu, kai kuma kana zaune a kan buhun. In mai saye ya gwada ta hagu ta yi masa, aka daidaita, sannan ka zaro masa 'yar'uwarta. Ɓarawo ba shi da abin yi da ƙafa ɗaya. Ilu mutum ne da in an ce masa ga yadda ake yi, to ya riƙe ke nan har abada, don haka tun daga gida yake raba kayansa, hagu buhunta daban, dama buhunta daban.

Ya fara da kaɗan, 'yan silifas da takalman roba na zuwa gona, kuma Allah ya sa wa abin albarka. Bai iya wasa da harshe ba, amma ba ya cewa roba fata ce, mutane kuma suka gane haka. Na ga ƙanena ya soma ɗinka riga, na ga Mansura ta soma dariya da ƙarfi. Da azumi ya kama, Bappa Sajo ya ce masa, "Ilu, kasuwar Sallah ta yara ce. Magidanci zai yi idi da tsohon takalmi, amma ba zai bar ɗansa ya fita haka ba." Sai Ilu ya tattara uwar kuɗi da riba gaba ɗaya, ya shiga Kano, ya saro takalman yara a Ƙofar Wambai, sandal masu maɗauri, ja da shuɗi da ruwan hoda. Bai bar komai a baya ba. Matan ƙauyenmu suka riƙa aiko masa da karan awon 'ya'yansu, ya ɗaure su dami guda ya rataye a ɗaka. Rahama ma ta zaɓi nata, ja mai ɗan fure a sama. Uban ya ce ta bari sai ranar Sallah, ya jefa hagun a buhun hagu, damar a buhun dama, kamar sauran.

Yanzu bari in gaya muku wane ne Ɗantsoho. Sa'an Ilu ne, tare suka yi kiwon awaki, tare suka sha duka a makarantar allo, kuma ni nan na sha share masa majina da bakin zanena. Bai taɓa riƙe sana'a ta wata uku ba. Rana ɗaya aka wayi gari ya samo igiya da benci da 'yan samari marasa aikin yi, ya ɗaure igiyar a inda hanyar ƙauyenmu ke haɗuwa da kwalta. Duk ranar kasuwa, motar da ta ɗauko kaya sai ta ajiye wani abu, wai na gyaran hanya. Hanyar tana nan da ramukanta yadda kakanmu ya bar ta. Ban san wanda ya naɗa shi ba, na tambaya har na gaji. Shi dai ya sayi doguwar hula, ya ce daga yau sunansa Ciyaman, mutane kuma suka bi, don kowa na son ya wuce. Samun wuri, kuturu da gaɗa cikin rama.

Ranar Alhamis ɗin da abin ya faru, Ilu ya ɗora buhunansa biyu a saman mota. Da ma direba ne ke miƙa abin igiya a wuce, ba ruwan fasinja. Amma ran nan Ɗantsoho ya hango buhuna sun yi ƙiba, ya ce mai kayan ya sauko. Ilu ya sauko yana murmushi, ya miƙa hannu.

"Haba Ɗantsoho, ni ne fa, Ilu. Ya ibada?"

Samarin suka dubi juna. Ɗantsoho bai karɓi hannun ba.

"Wa kake kira Ɗantsoho?"

"Kai mana. Sunan da muka tashi muna kiranka da shi."

"A gaban yarana? Don ka fara sayar da roba shi ne za ka raina mutane? Kai, ku sauke mini buhu ɗaya."

Suka hau suka jefo wanda ke sama. Ilu ya dubi bakin buhun, ya ga jan zaren da yake ɗaure na dama da shi.

"Wannan ba zai amfane ka da komai ba, wallahi. Ƙafar dama ce zalla. Ni kuma in babu shi, wancan ɗin shara ne."

"Ai ba amfani nake nema ba," in ji Ɗantsoho. "Ladabi nake so ka koya."

Mota cike da mutanen garinmu, kowa ya san Ilu, kowa ya san gaskiya. Abin da ya fito daga bakinsu shi ne, "Malam Ilu, ka hau ko ka sauke kayanka, rana tana yi." Ya sauke buhun hagu, mota ta tafi. Ya wuni a gindin igiyar nan da azumi a bakinsa, yana kallo aka ɗora buhunsa a babur aka kai gidan Ɗantsoho aka kulle.

Ku fahimci abin da ake ciki. Babu inda ake sayar da takalmi ƙafa ɗaya, ko a Kano. Ba shi da abin da zai sake sarowa. Kasuwar takalman yara kuma kwanakinta ƙidayayyu ne, da an sauko idi ta mutu sai baɗi. In buhun nan bai fito kafin Alhamis ɗin ƙarshe ta azumi ba, tunkiyata da akuyar Mansura da maraƙinsa da yatsunsa biyu duk sun tafi a banza.

Ya je wurin dattawan gari. Suka ce, "Ilu, kai ma ka yi kuskure. Wanda Allah ya ɗaukaka, sai a bi shi. Je ka ba shi haƙuri, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne." Wace ɗaukaka? Igiya ce fa, irin wadda ake ɗaure jaki da ita! Amma ya je. Mai sayar da takalmi ya tuɓe nasa takalmin tun daga nesa, ya tako da gurguwar ƙafarsa cikin rairayi mai zafi, ya tsuguna a gaban benci ya ce, "Ranka ya daɗe Ciyaman, na tuba." Ɗantsoho ya ce ya ji, amma mai riƙe da makullin ɗakin ya yi tafiya Sule Tankarkar, sai dai Ilu ya dawo jibi. Jibi ta yi, aka ce Ciyaman yana barci. Bappa Sajo da furfurarsa ya biya kuɗin mota daga Maigatari ya zo roƙo, aka bar shi a tsaye a ƙofar gida har ya gaji ya juya.

Da labari ya iso ni, na yafa mayafi na hau mota. Na same shi a bencinsa na ce, "Ɗantsoho, ni ba zan kira ka da wani suna ba, don na san ranar da aka yi maka kaciya. Ba wa yaron nan kayansa." Ya kawar da kai ya ce, "Yaya Tayyiba, wannan magana ce ta maza." Na faɗa masa abin da ba zan maimaita a nan ba, da azumi a bakina, Allah ya yafe mini. Da na koma gida Ilu ya ce, "Yaya, kin ƙara ɓata lamarin." Wataƙila haka ne. Amma shi da ya tsuguna, me ya samu?

Alhamis ɗin ƙarshe ta zo ta wuce. Ilu yana zaune a ƙofar ɗaki, buhun hagu a jingine a bayansa, motocin kasuwa suna wucewa. Matan da suka aiko da kara suka riƙa turowa a karɓo musu awonsu, za su ba wani ya sayo. Damin ya riƙa raguwa har ya ƙare. Rahama kuwa ta zaro jan takalminta na hagu, tana sa shi tana ɗingishi a tsakar gida, tana cewa ita ce Baba. Mansura ta shige ɗaki don kada a ga idonta.

Na zo gida yin Sallah kamar yadda na saba. Da safe muna shirin tafiya idi, sai muka ji maroƙi yana kwarara kirari daga wajen gidan Ɗantsoho, yara suna ta gudu can. Ba mu kula ba. Can sai ga Rahama ta shigo a guje, tana tuntuɓe, fuskarta kamar an ba ta duniya.

"Baba! Baba! Ciyaman ya ba ni takalmi! Kowa ma ya ba shi, sadaka ce!"

Muka dubi ƙafarta. Jan sandal ne mai ɗan fure a sama. Duka biyun ƙafar dama ne, maɗauransu suna kallon gefe guda, babban yatsanta na hagu ya leƙo waje yana shan ƙasa.

Ilu ya jawo ta kusa da shi. Ya durƙusa ya kwance mata na hagun, ya shiga ɗaki ya ɗauko wanda take wasa da shi, ya ɗaura mata. Ya riƙe wanda ya cire yana juya shi a hannu, ya daɗe a haka. Sannan ya ce mu tafi, kada mu rasa salla.

Abin da na gani a hanyar idi ba zai bar idona ba. Yaran gari gaba ɗaya cikin sababbin takalma, ja da shuɗi da ruwan hoda, kowanne yana tafiya a karkace kamar ɗan agwagwa. Wasu sun fara kuka don maɗauri yana cin ƙafa, iyaye suna jan su suna cewa su yi shiru, sabo ne, zai saki. Iyayen nan sun san na wane ne. Rabinsu su suka aiko da kara. Ga Ɗantsoho cikin babbar riga, maroƙi a bayansa yana cewa, "Uban marayu! Mai tufatar da ƙafar talaka!" Na tare shi a gaban mutane na ce, "Kai ko kunyar Allah ba ka ji? Kayan wani, kuma ƙafa ɗaya?" Ya yi 'yar dariya ya ce, "Yaya Tayyiba, yaro me ya sani game da hagu da dama?"

Da aka sallame, na nemi Ilu na rasa. Zuciyata ta ba ni ya tafi ɗauko gatari, kuma in faɗi gaskiya, da na gan shi a lokacin, da ban hana shi ba. Sai ga shi yana tafe yana ɗingishi, buhun hagu a kansa. Ya sauke a gindin darbejiyar bakin filin idi, ya shimfiɗa ledarsa, ya jera takalma kamar yana Maigatari. Ya kira yaron da ya fi kusa, ya kwance masa na ƙafar hagu, ya duba lamba da launi, ya zaɓo hagun gaske ya ɗaura masa. Yaron ya taka, ya yi tsalle, ya ruga. Kafin ka ce kwabo yara sun yi layi. Duk wanda ya zo, ya ajiye dama ɗaya, ya tafi da hagu ɗaya.

Kuna tsammanin an gode masa? Wani magidanci ya zo ya tsaya a kansa ya ce, "Ilu, kada fa ka ɓata wa Ciyaman sadakarsa." Wata mata ta ce a tabbata ba a sauya wa ɗanta da ƙarami ba. Shi kuwa Ɗantsoho da ya ga taro ya koma can, sai ya raɗa wa maroƙinsa magana, maroƙi ya ɗaga murya: "Jama'a ku ji! Ciyaman ya ba da takalmi, ya kuma kawo mai gyarawa! Wanda nasa bai zauna ba, ya je wurin Ilu, Ciyaman ya biya!" Aka ɗau guɗa. Na ji kamar in haɗiye zuciya in mutu a wurin. Har yau in ka tambayi yaran garinmu, za su ce maka Sallar da Ciyaman ya raba takalma.

Da rana ta take, Ilu ya tattara abin da ya rage. Rabin kayansa ne suka dawo ƙafa biyu, hagu sabuwa fil, dama ta sha ƙasar idi, wata ma an ja ta har ta goge. Rabin kuma yana ƙafar 'ya'yan mutane. Shi da Mansura suka zauna da bokitin ruwa da soso suna wankewa ɗaya bayan ɗaya, ranar Sallah, ko tuwon ba su ci ba. Na ce masa mu kai ƙara, ko ina ne, ni zan tsaya. Ya ce, "Yaya, wa zai ba da shaida? Waɗanda 'ya'yansu ke sanye da kayan?"

Alhamis ta bayan Sallah zan koma Gumel, shi kuma zai tafi Maigatari, kasuwar da ya san babu mai neman takalmin yaro a cikinta, sai dai ya karyar a kuɗin gwanjo ya samu na sake farawa. Mota ɗaya muka hau. Da muka iso igiya, ba wanda ya ce ya sauko. Shi ya sauka da kansa. Ya tuɓe takalmi, ya tako, ya tsuguna.

"Ranka ya daɗe Ciyaman. An yi Sallah lafiya?"

"Lafiya lau, Ilu. Ka ga yanzu ka yi hankali. Ku sauke masa igiya."

Ya dawo ya zauna kusa da ni yana karkaɗe ƙafa. Na ce, "Ilu, ba ka da zuciya ne? Wannan ƙazamin za ka tsuguna wa bayan abin da ya yi maka?"

"Ina da kaya a saman mota, Yaya. Kuma Alhamis mai zuwa ma ta nan zan bi."

Mota ta hau kwalta. Sai na tuna buhu ɗaya na ga an ɗora da safe, ba biyu ba. Na ce, "Ina ɗaya buhun? Ka manta dokar Bappa Sajo?"

"Ban manta ba. In na isa kasuwa zan raba. Amma a hanya na daina." Ya dubi gonaki ta taga. "Na ɗaure kowanne da ɗan'uwansa. In za a sake ƙwacewa, a ƙwace duka, yaran su samu wanda za su iya takawa."

Na juya fuskata na ja mayafi na rufe. Wata tsohuwa da ke gefena ta ga kafaɗata tana motsi, ta dafa ni ta ce, "Yi haƙuri, 'yar nan." Na ture hannunta.